Gasar Jimnastik ta Duniya: Tambayoyin da Masu Kallo Suka Fi Yi

Duk lokacin da gasar Olamfik ta zagayo, bidiyon 'yan jimnastik kan cika waya. Yarinya ta sheƙo da gudu, ta doki katako, ta tashi sama, ta yi alkafura biyu, ta dira cak. Kowa ya riƙe baki. Da allo ya nuna maki irin 14.133 kuma sai kai ya ɗaure, a fara tambayar ko ta ci ko ta faɗi. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi, domin wanda ya san abin da alƙalai ke dubawa ya fi jin daɗin kallo, ya kuma fi ganin girman abin da 'yan wasan ke sa jikinsu a ciki.

Wa ke kula da wasan, kuma tun yaushe ake yin sa?

Hukumar jimnastik ta duniya, wadda aka sani da FIG, ita ce uwar wasan. An kafa ta a 1881 a birnin Liège na Beljiyam, hedikwatarta yanzu tana Lausanne a Suwizalan. Ita ke rubuta kundin dokoki, ta horar da alƙalai, ta shirya gasar duniya. Maza sun fara wasan tun Olamfik ta farko a Atina a 1896. Mata sun shiga a 1928 a Amsterdam, a ƙungiyance kawai, sai a 1952 a Helsinki aka fara ba kowace mace lambarta ita kaɗai. Gasar duniya kuwa an fara ta a 1903 a Antwerp.

Me ya sa kayan wasan maza suka bambanta da na mata?

Haka tarihin wasan ya zo da shi a Turai, aka kuma ɗore a kai. Maza suna da fanni shida, mata huɗu. Biyu ne suka haɗa su: wasan ƙasa da tsallen teburi.

Wasan ƙasa ana yin sa a fili mai mita 12 kowane ɓangare, wanda ke da ƙarafa masu tsalle a ƙarƙashinsa. Mata na yi da kiɗa, kada su wuce daƙiƙa 90, maza kuma ba kiɗa. A tsallen teburi, ɗan wasa zai yi gudun da bai wuce mita 25 ba, ya doki katakon tsalle, ya dafa teburi da hannu, ya juya a iska. Tsayin teburin mata santimita 125 ne, na maza 135. Duka abin bai kai daƙiƙa goma ba, amma mutum na iya shafe shekaru yana koyon tsalle ɗaya.

Sauran biyu na mata su ne sanduna biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da siririn katako. Katakon nan tsawonsa mita 5, bisansa daga ƙasa santimita 125, faɗinsa santimita 10 kacal, wato kusan faɗin tafin hannun babban mutum. A kansa ake yin alkafura ta baya, inda 'yar wasa ba ta ganin wurin da ƙafarta za ta sauka sai ta kusa taɓa shi. A nan zakaru suka fi zubewa.

Na maza huɗu da suka rage: doki mai mariƙi biyu, inda mutum ke wulwula ƙafafu yana tsaye a kan hannuwa ba tare da ya tsaya ba, zobba biyu masu lilo, tagwayen sanduna, da sandar sama, wadda ake saki a yi juyi a iska a sake cafkewa. Zobban nan su ne ma'aunin ƙarfin kafaɗa. Idan ɗan wasa ya shimfiɗa hannuwa gefe da gefe ya rataye, dole ya tsaya cak na daƙiƙa biyu. Duba damtsensa a lokacin: jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, amma fuska a sake, domin ko rawar igiya alƙali na gani.

Ina maki goma cif da ake ba da labari?

An daina amfani da shi a manyan gasannin duniya tun 2006. A da, goma ce ƙoli. A Olamfik ta Montreal a 1976, Nadia Comăneci 'yar Romaniya mai shekara 14 ta samu goma a kan sanduna, abin da babu macen da ta taɓa samu a gasar. Allon bai iya nuna lambobi huɗu ba, sai ya rubuta 1.00. Sau bakwai ta samu goma a wannan gasa.

Matsalar ita ce wasan ya ci gaba da wuya, ma'aunin kuwa yana nan inda yake. Wanda ya yi abu mai tsananin wuya da wanda ya yi mai sauƙi suna iya tsayawa kusa da juna. Rikicin Olamfik ta Atina a 2004 ne ya ƙarasa tsohon tsarin. A gasar maza, alƙalai suka rage wa Yang Tae-young na Koriya ta Kudu kashi ɗaya cikin goma na maki bisa kuskure wajen lissafin wuyar wasansa a tagwayen sanduna, Paul Hamm na Amurka ya ɗauki zinare da tazarar da ba ta kai wannan kuskure ba. Hukumar ta dakatar da alƙalai uku, amma lambar ta zauna a hannun Hamm.

To yanzu yaya ake lissafi?

Maki biyu ake haɗawa. Na farko makin wuya, wanda allo ke nunawa da harafin D. Kowane motsi yana da farashinsa a kundin dokoki: mai harafin A kashi ɗaya cikin goma ne, B kashi biyu, haka har sama. Ana tattara motsi takwas mafiya tsada, a ƙara ladan haɗa motsi da motsi ba tsayawa, da ladan cika sharuɗɗan wannan fanni. Wannan maki ba shi da iyaka.

Na biyu makin tsafta, mai harafin E. Shi daga goma yake farawa, alƙalai su yi ta yanka. Gwiwa ta ɗan lanƙwashe, 0.1. Ƙafafu sun buɗe inda ya kamata su haɗe, 0.1 ko 0.3. Babban taku bayan dira, 0.3. Faɗuwa, maki ɗaya cur. Alƙalan tsafta suna da yawa, ana zubar da makin da ya fi yawa da wanda ya fi ƙanƙanta a ɗauki matsakaici, don kada wani ya yi son kai. Sannan akwai tara ta daban, kamar ta fita daga layi ko wuce lokaci.

Zagayen ƙarshe na wasan ƙasa na mata a Olamfik ta Paris a 2024 ya isa misali. Simone Biles ta Amurka ta zo da makin wuya 6.9, Rebeca Andrade ta Brazil da 5.9, tazarar maki ɗaya tun kafin a fara. Amma ƙarfin tsallen Biles ya fitar da ita daga layi sau biyu, aka ci ta tarar 0.6. Andrade ta yi nata tsaf, kowace dira a wurinta. Sakamako: Andrade 14.166, Biles 14.133.

Amma ai mun sha ganin wanda ya faɗi ya doke wanda bai faɗi ba. Wannan adalci ne?

Yana faruwa, kuma yana ɓata wa masu kallo rai. Dalili shi ne faɗuwa maki ɗaya take ci, wanda kuwa makin wuyarsa ya ɗara na abokin karawarsa da fiye da haka zai iya faɗuwa ya tashi ya ci gaba da zama a gaba. A ganina tsarin ya fi na da gaskiya, domin yana biyan mutum gwargwadon abin da ya yi. Aibinsa shi ne yana tura matasa su ɗauko abin da jikinsu bai gama ƙwarewa a kai ba, saboda sun san ko sun yi shi a karkace lissafi zai fitar da su. Tsallen Produnova ya nuna haka: alkafura biyu ta gaba bayan dafa teburi, wanda kuskure kaɗan zai sa mutum ya sauka a kan wuya. Dipa Karmakar ta Indiya ta zo ta huɗu da shi a Rio a 2016. Daga baya hukumar ta rage farashinsa, kuma ta yi daidai.

Ana iya ƙalubalantar alƙalai?

Koci na iya neman a sake duba makin wuya, amma ban da makin tsafta. Akwai kuɗin da ake biya, akwai kuma ƙayyadadden lokaci. Wannan lokaci ne ya haifar da babban rikicin Paris. A wasan ƙasa ɗin nan dai, Jordan Chiles ta Amurka ta samu 13.666, kocinta ta yi ƙorafi, aka ɗaga makin zuwa 13.766, ta wuce Ana Bărbosu ta Romaniya mai 13.700, wadda har ta fara murna da tuta. Kwanaki bayan an rataya wa Chiles tagulla, kotun wasanni ta duniya ta ce ƙorafin ya makara da daƙiƙa huɗu a kan minti ɗayan da doka ta bayar, aka mayar da lambar ga Bărbosu. Chiles ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun Suwizalan. Babu ɗayan 'yan matan nan da ta yi laifi, amma su biyun ne suka sha zagi a intanet a kan kuskuren manya.

Hukumar tana amfani da na'urar kamfanin Fujitsu mai auna motsin jiki da kyamarori don taimaka wa alƙalai. An fara da wasu fannoni a gasar duniya ta 2019 a Stuttgart, a 2023 aka kai ta duka fannoni goma. Hukuncin ƙarshe dai yana hannun mutum.

Yaya tsarin gasar yake?

Kowa na farawa da zagayen share fage, daga nan ake tace masu zuwa wasannin ƙarshe iri uku. Na ƙungiya: a Paris ƙasashe 12 ne suka shiga kowane jinsi da 'yan wasa biyar-biyar, takwas suka kai ƙarshe, inda mutum uku ke hawa kowane fanni kuma makin duka ukun ake ƙirgawa. Ba wurin ɓoye kuskure. Mazan China suna kan gaba har fanni na ƙarshe, sai ɗan wasansu Su Weide ya faɗo sau biyu daga sandar sama, Japan ta ɗauke zinare. Na biyu shi ne na gwanin dukkan fannoni, mutum 24. Na uku na kowane fanni shi kaɗai, mutum takwas-takwas.

Ƙasa ɗaya ba ta kai fiye da mutum biyu wasan ƙarshe na ɗaiɗaiku. A Landan a 2012, Jordyn Wieber, zakarar duniya a lokacin, ta zo ta huɗu a share fage amma ta koma 'yar kallo, domin 'yan ƙasarta biyu sun riga ta.

Waɗanne ƙasashe ne suka fi ƙarfi?

Shekaru da dama Tarayyar Sobiyet ce ke riƙe da kambun mata. Ba ta sha kaye a gasar ƙungiya ta Olamfik ba daga 1952 zuwa 1980. Larisa Latynina ta tara lambobin Olamfik 18, tarihin da ya tsaya har 2012. Romaniya ta yi zamaninta, yanzu Amurka ce a gaba, Brazil da Italiya na biye. A maza Japan da China ne. Kohei Uchimura na Japan ya zama gwanin duniya sau shida a jere daga 2009 zuwa 2015, ya haɗa da zinaren Olamfik a 2012 da 2016. Ƙofa kuma tana buɗewa ga wasu: Carlos Yulo na Filifins ya ci zinare biyu a Paris, a wasan ƙasa da tsallen teburi.

Me ya sa ake cewa babu kamar Simone Biles?

Lambobin Olamfik 11, bakwai zinare. Lambobin gasar duniya 30, 23 zinare. Motsi biyar ne ke ɗauke da sunanta a kundin dokoki, kuma ba a sa sunan mutum sai ya zama na farko da ya yi motsin lafiya a babbar gasa. A Antwerp a 2023 ta yi tsallen da babu macen da ta taɓa yi a gasar duniya: ta dafa teburi ta baya, ta yi alkafura biyu ƙafafu a miƙe jiki a naɗe. An yi masa farashin 6.4. A Paris tana da shekara 27 ta sake zama gwanar dukkan fannoni, kuma rabon da mace mai shekaru irin nata ko fiye ta ci wannan kambu tun 1952.

Me ya same ta a Tokyo da ta janye?

A wasan ƙarshe na ƙungiya a Olamfik ta Tokyo a 2021, ta tashi da niyyar murɗa jiki sau biyu da rabi a tsallen teburi, sai ta yi ɗaya da rabi, ta dira da kyar. Wanda ya kalli idonta a bidiyon zai ga ba ta san inda take ba a iska. 'Yan wasan sun san wannan matsala: ƙwaƙwalwa da jiki su daina jin maganar juna, mutum ya kasa sanin ina sama ina ƙasa yana tsakiyar juyi. Ta janye, abokanta suka ƙarasa suka ci azurfa, Sunisa Lee ta ci kambun dukkan fannoni, ita kuma ta dawo ranar ƙarshe ta ci tagulla a siririn katako bayan ta cire murɗawa daga dirarta.

Wasu sun kira ta raguwa. Duk wanda ya san labarin Elena Mukhina ba zai faɗi haka ba. Mukhina 'yar Tarayyar Sobiyet ce zakarar duniya a 1978. Ta karye a ƙafa, aka matsa mata ta koma atisaye ƙafar ba ta gama warkewa ba, saboda Olamfik ta Mosko ta matso. Ana saura makonni kaɗan a fara gasar a 1980, ta sauka a kan haɓa tana gwada wata alkafura mai haɗari, ƙashin wuyanta ya karye. Tana da shekara 20. Jikinta ya shanye daga wuya zuwa ƙasa har ta rasu a 2006. An haramta wannan alkafura daga baya. Abin da Biles ta yi a Tokyo shi ne abin da ba a bar Mukhina ta yi ba, kuma ina ganin ya fi kowane zinarenta amfani ga na baya.

Me ya sa yawancin matan ƙanana ne?

Haka abin yake a da, yanzu yana sauyawa. Bayan Comăneci, masu horarwa suka ɗauka ƙaramin jiki mara nauyi shi ne sirrin nasara, aka riƙa kawo yara 'yan shekara 14 da 15. Tun 1997 doka ta ce sai mace ta cika 16 a shekarar gasa, namiji kuma 18 ake nema yanzu. An kama masu ƙaryar shekaru: a 2010 aka ƙwace tagullar ƙungiyar matan China ta Sydney 2000 bayan an gano Dong Fangxiao ba ta kai shekarun ba. Tsarin maki na yanzu yana son ƙarfi, ƙarfi kuwa na babba ne. Andrade ta ci zinarenta na Paris tana da shekara 25, bayan jijiyar gwiwarta ta tsinke sau uku. Oksana Chusovitina ta je Olamfik takwas, ta ƙarshe a Tokyo tana da shekara 46.

Wannan sauyi ya wuce batun lambobi. Yarinya 'yar shekara 13 da aka raba da gida, wadda makomarta ke hannun koci, ba ta iya cewa a'a. A cikin irin wannan shiru ne Larry Nassar, likitan ƙungiyar Amurka, ya shafe shekaru yana lalata da 'yan wasa da sunan magani. A 2018 mata sama da 150 suka tsaya gaban kotu a Michigan suka ba da shaida, aka yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175. A Birtaniya, rahoton bincike na Whyte a 2022 ya bankaɗo yadda ake hana yara abinci, ana auna nauyinsu ba ƙaƙƙautawa, ana sa su atisaye da rauni. Hukumar duniya ta kafa gidauniyar ɗa'a mai zaman kanta a 2019 don karɓar ƙorafi. Duk iyayen da za su kai ɗansu ko 'yarsu irin wannan horo, a ko'ina ne, su nace a bar su su ga abin da ake yi a ɗakin atisaye.

Mene ne farin garin da suke shafawa a hannu?

Wani nau'in alli ne mai shanye gumi don kada hannu ya sulɓe. Masu sanduna da zobba suna ɗaura fatar kariya a tafin hannu, duk da haka fata na ɗayewa. Maza da yawa na shafa zuma a kan tagwayen sanduna don ƙarin riƙo.

Dole ne mace ta sa wannan ƙaramar riga?

Ba dole ba ne. Doka ta yarda da riga mai rufe ƙafafu har idon sawu. 'Yan matan Jamus sun sa ta a gasar Turai ta 2021 a Basel da kuma Olamfik ta Tokyo, suka ce suna so kowace mace ta san tana da zaɓi. Sharaɗin dai tufafin ya kama jiki, don alƙalai su ga gwiwa da ƙugu, kuma kada ya sarƙe da sanda. Ga iyalai da yawa na Musulmi wannan ma bai kai suturar da suke so ba, kuma yana cikin abin da ke hana 'ya'yansu mata shiga.

Afirka fa?

Masar, Aljeriya da Afirka ta Kudu ne suka fi ƙarfi a nahiyar. Ranar da ba za a manta ba ta zo a Paris, inda Kaylia Nemour mai shekara 17 ta ci wa Aljeriya zinare a sanduna biyu da maki 15.700, makin wuyarta 7.2. Ita ce lambar Olamfik ta farko da Afirka ta samu a jimnastik. A Faransa aka haife ta, a can ta koyi wasan. Bayan an yi mata aiki a gwiwa, saɓani ya shiga tsakaninta da hukumar Faransa kan komawarta wasa, sai ta koma ƙasar mahaifinta. Tun a 2023 ta ci azurfa a gasar duniya, a 2025 a Jakarta ta ɗauki zinaren.

Najeriya ta fara kai ɗan jimnastik Olamfik a Tokyo, wato Uche Eke, wanda ya ci zinare a doki mai mariƙi a wasannin Afirka na Rabat a 2019. Shi ma a Amurka ya taso, a Jami'ar Michigan ya yi horo. Labarin mutanen biyu na nuna inda gizo ke saƙa. Baiwa ba ta yi mana ƙaranci ba. Yaran da ke alkafura a kan yashi a bakin unguwa sun isa shaida. Abin da babu shi ne ɗakin atisaye mai rami cike da soso inda yaro zai faɗi sau ɗari bai ji ciwo ba, da kayan wasa masu tsada, da koci ƙwararre da zai riƙe shi tun yana ɗan shekara biyar ko shida har shekara goma sha wani abu.

Yaushe ne manyan gasanni na gaba?

Ana yin gasar duniya kowace shekara ban da shekarar Olamfik. Ta 2026 an ba Rotterdam a Holan, ta 2027 an ba Chengdu a China, kuma daga su ne ƙungiyoyi za su samu gurbin zuwa Olamfik ta Los Angeles a 2028. A can za a fara sabon fanni na ƙungiyar da ta haɗa maza da mata.